Hasken da Muka Yaba a Fuskar Mahaifiyarku

Tun kuna ƙanana nake jin ku kuna raɗe-raɗin cewa kakarku Inna ba ta ƙaunata. A abin da idonku ya gani ba ku yi ƙarya ba. Kun ga idan na je gaisuwa Ƙofar Guga a zaure nake tsayawa, in aika a ce ina gaisuwa, a dawo a ce tana amsawa, shi ke nan, alhali mazajen ƙannen mahaifiyarku har bakin ɗakinta suke zuwa su durƙusa, ta sa a damo masu fura. Kun tsinci labarin gutsi-gutsi a bakin dangi, kuka haɗa shi yadda ya yi maku daɗi: wai tsohuwa ce mai taurin kai da ta hana a kai 'yarta asibiti, Baba kuma jarumi ya je ya ƙwato ta. Yayarku Ummi ma, da take cin sunan matar, na ji ta da kunnena tana ba 'ya'yanta labarin a haka. Ba zan ɓoye maku ba, na daɗe ina jin daɗin zama jarumin. Amma shekaru sun ja, kuma ba na so in tafi da haƙƙin baiwar Allah nan a wuyana, saboda haka ga yadda abin ya faru.

A shekarar da soja suka shirya miƙa mulki ga farar hula karon farko, ina koyar da Turanci a wata sakandare ta maza, ina zaune gidan haya a Ƙofar Kaura. Ina da babur, ina da agogon hannu, ina da wani ƙamus mai kauri da nake ɗaurewa a bayan babur ko ranar ba ni da aji, don dai a gani. Idan akwai wanda ya fi ni jin ya san duniya a Katsina a lokacin, to ban haɗu da shi ba. A littafin karatun 'yan aji uku akwai labarin wata Baturiya da aka kawo mata wasiƙa mai mugun labari, sai marubucin ya ce ta zama *pale*. Kowace shekara idan muka zo wurin sai in buɗe ƙamus in fassara masu: wato launin fuskar mutum ya gudu, ya yi fari, saboda ciwo ko firgita. Kowace shekara kuma sai aji ya kwashe da dariya, a ce Malam, wanda yake fari tun asali wane farin kuma zai ƙara? Ni ma sai in taya su dariyar, in rufe ƙamus in ce:

"Wannan kalma ta masu jajayen kunne ce. Ku haddace ta saboda jarrabawa kawai. Mu da Allah ya rufa wa asiri da baƙar fata, babu ranar da za mu buƙace ta."

Shekara huɗu ina faɗin wannan magana a gaban allo, yara suna kwafa a littafi. Allah ya yafe mani.

Mahaifiyarku Dije ita ce 'yar farin Inna. Ku na yanzu, da uwa ke kiran ɗan fari da sunansa har ta rungume shi a gaban mutane, da wuya ku gane nauyin wannan. Inna ba ta taɓa kama sunan Dije ba. "Yarinyar nan" take cewa, ko "waccan". Ba ta haɗa ido da ita, ba ta zama tabarma ɗaya da ita, idan za ta ba ta abu sai ta ajiye a ƙasa ta ce ga shi nan, tana kallon wani wajen. Kada ku ɗauka ƙiyayya ce. Kunyar ɗan fari ce, kuma a wancan zamani da ita ake auna mutuncin mace. Ni kuwa da nake mijin 'yar fari, kunyar da ke tsakanina da ita ninki ce. Tun da aka ɗaura aure ban taɓa ganin fuskarta sosai ba. In na je gaisuwa sai an nemo mani izini, in durƙusa nesa da ƙofa, tana can bayan labule, mu gaisa a gajarce in tashi.

A shekara ta biyu da aurenmu Dije ta samu ciki. Kun san ta, baƙa ce, baƙi mai sheƙi. Da cikin ya kai wata biyar sai ta fara haske, kuma duk wadda ta shigo gidan sai ta yaba. Wannan ta ce ciki ya karɓe ta, waccan ta ce ɗiya mace ce tunda ta ara wa uwarta kyau, wata kuma ta ce a'a, hutu ne, Malam ya iya kiwo. Ta ƙarshen nan ita ta fi yi mani daɗi. Da damina ta faɗi zazzaɓi ya riƙa kama ta, ta sha jiƙo ta tashi, bayan kwana biyu ya dawo. Abinci ba ya shiga, sai farar ƙasa take gwaigwaya a ɓoye, aka ce kwaɗayin masu ciki ne. Zancen awo a asibiti kuwa ba a ma kawo shi ba, don ba a tallar cikin fari. Da wata bakwai ya kama aka zo aka tafi da ita Ƙofar Guga goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari, ta zauna gaban iyayenta har ta haihu ta gama wanka. Ranar da za ta tafi na kalle ta cikin sabon mayafi, na ce a raina lallai na yi dacen mata.

Daidai lokacin aka ɗebi malaman makaranta aikin zaɓe. Zaɓukan a jere suka zo, mako bayan mako, aka tura ni wani ƙauye arewa da gari inda in ruwa ya sauka babur ba ya wucewa. Gari ya ɗauki zafi, motoci da lasifika suna zagaye unguwanni, a teburin mai shayi ba a zancen komai sai jam'iyyu. Ni ma na ba da kaina gaba ɗaya, ina ganin da hannuna ake gina ƙasa. In na leƙo gari sai in tsaya a zauren surukina Malam Baba, yana zaune cikin fatunsa yana dukanci, mu gaisa, a aiko daga ciki a ce tana lafiya, har ta ƙara kyau. Sai in hau babur in koma ina washe baki.

Maƙwabtanmu a gidan haya, katanga ɗaya muka haɗa, su ne Mista Bulus da matarsa Sista Rifkatu, mutanen kudancin Zariya, inda yanzu kuke cewa kudancin Kaduna. Shi ma'aikacin gwamnati ne, ita kuma nas ce. Ita da Dije sun shaƙu, ta kan katanga suke miƙa wa juna kwano, tuwo ya tafi gwate ya dawo. Sai dai an tura Sista kwas tun kafin cikin ya fito, ba ta dawo ba sai mako guda bayan zaɓen ƙarshe. Washegarin dawowarta ta sayi lemo ta tafi Ƙofar Guga dubiya. Da hantsi ina wanke babur a ƙofar gida sai ga ta ta dawo da sauri, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya mun yi ba.

"Malam Sada, yaushe rabonka da Dije? Ba jin labarinta ba, ganinta da idonka."

Na ce ya kai mako biyar, amma lafiyarta lau, an ce ma ta ƙara haske.

Sai ta juya harshe zuwa Turanci, don ta san da wannan kunnen na fi ji. Ta ce matata ta zama *pale*, ta ƙara da cewa sosai da sosai. Ku ji wautar ubanku: dariya na yi. Na gyara tsayuwa zan fara mata darasin da nake yi wa 'yan aji uku, na ce Sista, ai wannan kalma ba ta hawa kan baƙar fata. Ba ta taya ni dariyar ba. Ta ɗora jakarta a kan sirdin babur, ta sa yatsa ta ja fatar idonta ta ƙasa.

"Duba nan. Wane launi ka gani?"

Na ce ja.

"Buɗe tafin hannunka. Dubi farcenka. Fito da harshenka ka duba a madubin babur ɗin nan. Wannan jan da kake gani jini ne. Bature a kumatu ake ganin nasa, mu a nan ake duba namu. Na Dije fari ne fat kamar takarda. Ƙafafunta sun kumbura, daga ɗaki zuwa bayi sai ta huta sau biyu. Ba kyau ta yi ba, Malam, jininta ne ya ƙare. In naƙuda ta same ta a haka ba za ta tashi ba, kuma ba lallai ne ta jira naƙudar ba."

Na tsaya da tsumma a hannu, harshe a waje, ina kallon kaina a madubi. Abin da ya fi ba ni haushi har yau shi ne Hausa ba ta rasa kalmar ba. Na tashi ina jin kakata tana cewa wane ya ɗashe idan ya sha jinya. Na san wannan, na san waccan ta Turanci, amma ɗaya tana cikin ƙamus ɗaya tana bakin tsofaffi, ban taɓa kawowa a raina abu ɗaya suke nufi ba, balle in nemi abin a fuskar matata. Sista ta ce ta riga ta yi wa Inna bayani, Inna ta yi mata godiya, ta ba ta goro, ta ce cikin fari a ɗakin uwa ake sauke shi.

Mista Bulus ya tayar da tsohuwar motarsa muka tafi mu uku. Na bar su a waje na shiga zaure, na durƙusa gaban Malam Baba na zayyana masa komai, kaina a ƙasa, don ko a gabansa zancen ciki ba na bakina ba ne. Ya saurara har na gama, ya ajiye basillarsa.

"Malam Sada, wanga ai sha'anin mata ne. Ni mi na sani cikin zancen nan? Ka tahi, in an yi la'asar sai in yi ma mai ɗakin magana."

Na san abin da hakan ke nufi. Zai yi magana da la'asar, a ce za a shawarta, gobe a aika wa gwaggon Dije, jibi a dawo mani da amsa. Kuma ba da mugunta ba, haka ake yin komai cikin mutunci. Na zauna ina kallon ƙofar da ta fita daga zaure zuwa tsakar gida, wadda ban taɓa bi ba sai da izini. Na san in na bi ta yau na zubar da abin da ba zai kwasu ba. Na tashi, na rangaɗa sallama sau uku, ban jira amsa ba na sa kai.

Mata biyu suna daka, taɓarya ta tsaya a sama. Wata ta ruga ɗaki neman mayafi. Inna tana bakin murhu, tana ganina ta juya mani baya. Dije tana ƙarƙashin rumfa a kan tabarma, an jingina ta da matasai. Ta yi hasken kuwa, ba ƙarya aka yi ba, amma yanzu da aka koya mani kallo sai na ga leɓenta kalar toka, na ga yadda kafaɗunta ke ɗagawa da kowane numfashi. Na durƙusa gabanta, na sa yatsa na ja fatar idonta, a gaban uwarta, a gaban matan gida. Babu ɗigon ja a ciki.

Inna ba ta juyo ba. Da bango ta yi magana:

"Ku hwaɗa ma baƙon nan ya yi ɓatan kai. Nan ba gidan haya ba ne."

"Inna, ki gafarce ni. Jininta ya ƙare. In haihuwa ta zo mata a haka ba za ta kai ba. Asibiti zan kai ta yanzu."

"Tara na haihwa cikin ɗakin nan, ba wanda ya zo ya buɗe mani ido. Boko ne ya koya maka taɓa huskar mace gaban uwarta? In ka hita da ita, ka hitar da ƙahwarka daga gidan nan."

A nan ne na yi abin da ba ya cikin labarin da kuke bayarwa. Tsoro ya cika ni, haushin kaina ya cika ni, sai na sauke su a kanta. Na ɗaga murya har ana ji a zaure, na ce idan Dije ta mutu a kan tabarmar nan ita ce ta kashe ta. Ni da na yi wata uku ina alfahari da hasken nan, ni na faɗa wa uwar da ta haife ta haka. Dije ce ta katse ni, da ƙyar muryarta ke fita.

"Malam, ka yi shiru haka nan."

Sannan ta juya ta kalli bayan uwarta, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Inna, numfashina ba ya isata. Sati biyu ke nan a zaune nike kwana. Kunya ce ta hana ni hwaɗi."

Inna ta ci gaba da ba mu baya. Sista ta shigo, muka kama Dije hagu da dama har mota, babu wanda ya tare mu, babu kuma wanda ya raka mu ko da ido.

A asibiti likita ya duba wuraren da Sista ta nuna mani, aka ɗebi jini aka auna, ya ce sai an ƙara mata kwalba biyu a ranar, kuma babu irin nata a ajiye, sai dangi sun bayar. Na miƙa hannu aka gwada, nawa bai dace ba. Na Sista ma haka. Ku sani a wancan lokaci mutanenmu sun yi imani jinin da aka ɗiba ba ya dawowa, wanda ya bayar ya yanke kwanansa da hannunsa. Wasu 'yan uwan Dije maza uku sun biyo mu a keke. Da suka ji zancen jini sai ɗaya ya tuna bai yi azahar ba, sauran biyun suka tafi nemo shi, har yau ina jiran su dawo. Mista Bulus ne ya naɗe hannun riga ba tare da kowa ya roƙe shi ba, aka gwada ya dace, aka ɗebi kwalba ɗaya. Shi ya sa kuka tashi kuna ce masa Kawu Bulus, kuma shi ya sa da ya yi ritaya ya koma gida nake tafiya har garinsu duk shekara. Amma kwalba ɗaya ba ta isa ba, kuma ba a ɗibar mutum sau biyu.

Bayan la'asar ina zaune a benci a baranda na haɗa kai da gwiwa, sai na ga ƙafafu sun tsaya nesa kaɗan da ni, duk laka. Inna ce. Da ƙafa ta tako daga Ƙofar Guga, ita da ko kasuwa ba ta zuwa, tana riƙe da langar kunu. Ba ni ta kalla ba, Sista ta nema. Sista ta faɗa mata gaskiya ba ragi: an sa ɗaya, ana neman ɗaya, in ba a samu ba komai na iya faruwa. Inna ta ajiye langar, ta tambayi Sista tana kallon ƙasa.

"Na uwa shina yi?"

"Sai an gwada, Inna."

Aka gwada ya dace. Shekarunta a lokacin ba su wuce arba'in da 'yan kai ba, ga ta da ƙarfinta. Ni da Sista muka yi ta mata bayani cewa jini yana dawowa cikin 'yan makonni, ga Mista Bulus can yana shan shayi lafiyarsa lau. Ta saurare mu kamar yadda ake sauraron yara.

"Ku dai ku yi aikinku. Na san wanda aka ɗibi nashi, bai ga wata damina ba."

A bakin ɗakin da za a ɗibi jinin ta tsaya. Ta juya fuskarta ga bango, amma da ni take magana.

"Malam, ka saurara. Akwai hwarin yadi ƙasan adakata, na ajiye shi don irin wannan rana. Ƙannenta ƙanana kada a raba su gidajen dangi, ka ce ma mai gidan in ji ni. Kuma ban yarda wani mahaluki ya ji na yi wannan ba, muddin ina da rai. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Ta shiga ta kwanta ta miƙa hannu.

Ku tsaya ku auna wannan. Ni na miƙa hannuna na san ba abin da zai same ni. Kawu Bulus ma ya sani. Ita kuwa ta kwanta a gadon nan tana da yaƙinin ranta take bayarwa, saboda 'yar da al'ada ta hana ta ko kiran sunanta, kuma sa'o'i kaɗan bayan mijin 'yar ya ci mutuncinta a tsakar gidanta. Da aka gama aka zare allura ba ta tashi ba. Ta rufe ido, ta daidaita ƙafafu, tana ta kalmar shahada tana jira. Sista ta kawo mata shayi mai madara ta ƙi karɓa, ta ce a bar wa masu sauran kwana. Can bayan kusan sa'a guda ta buɗe ido ɗaya.

"Har yanzu?"

"Har yanzu kina nan, Inna."

"To miƙo shayin."

A kwana na uku Dije ta kwanta ta miƙe a gado ta yi barci, ta tashi ta nemi tuwo. Aka ci gaba da ba ta magunguna, aka riƙe ta a asibitin har ta sauka lafiya, kwanaki kaɗan kafin a rantsar da sabuwar gwamnati. Gari yana ta shagalin farar hula, ni ban ma san ana yi ba. Na sa wa jaririyar sunan Inna, shi ya sa muke ce mata Ummi. Daga asibiti Ƙofar Guga aka wuce da su, Inna ta yi wa Dije wankan jego da hannunta har arba'in. Ni kuwa daga ranar zaure ne iyakata. Malam Baba ya yafe mani tun a makon, amma daga ciki ba a sake cewa in shigo ba, ni ma ban nema ba, don na san abin da bakina ya faɗa. A unguwa aka daɗe ana nuna ni, ga malamin bokon da ya faɗa wa surukarsa magana. Na haɗiye, na ce wannan ne farashin, kuma da za a maimaita ranar zan sake shiga, sai dai in kama bakina.

Da aka koma makaranta muka zo wurin Baturiyar nan da wasiƙarta, aji ya fara dariyar da ya saba, na ce a rufe littafi. Na sa kowa ya juya ya ja fatar idon na kusa da shi. Na ce masu wannan kalma ana faɗinta ga marar lafiya, ana faɗinta ga wanda ya firgita, ana faɗinta ga launin da ya koɗe ya rasa ƙarfinsa, amma idan an faɗe ta a kan fuskar mutum ba yabo ba ne, kuma tamu ce kamar yadda take ta kowa. Na ce su je gida su duba iyayensu mata da yayyensu masu ciki. Haka na riƙa yi har na yi ritaya, wasu tsofaffin ɗalibaina har yau Malam Buɗe-Ido suke ce mani a bayan idona.

Mahaifiyarku ta san wanda ya ba da kwalba ta biyu tun a asibiti, don ta ga auduga manne a hannun uwarta. Ba ta ce komai ba, Inna ma ba ta ce ba, haka suka zauna har ƙarshe. Ta gado ta a wannan hali, shi ya sa ba ta taɓa gyara maku labarin ba. Ni ne ya kamata in gyara tun bayan rasuwar Inna, da alkawarin ya sauka daga kaina, sai son yabo ya hana ni.

Shekara ashirin Inna ta ƙara a duniya. Soja suka karɓe mulkin, suka daɗe, suna shirin sake mayar da shi ne ta kwanta ciwon ajali. Wata safiya na je dubiya na tsaya a zaure kamar kullum, sai aka fito aka ce tana kira na ciki. Na ɗauka ban ji daidai ba, sai da aka maimaita. Na shiga na durƙusa a bakin ƙofa, ta ce in matso. Babu labule. Ranar na fara ganin fuskarta sosai, ashe da ita Ummi take kama. Ta sallami kowa daga ɗakin. Na ce Inna, na zo neman gafarar shigar da na yi maki gida da maganar da na faɗa, shekara ashirin tana cina. Ta ɗan ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Wannan na yahe tun kahin in iso asibiti. Kai kana can zaure kana zaton hushi nike da kai? Idonka ne ba ni iya kallo, Malam. Wata guda tana gabana, ni na haihe ta, ina satar kallonta ta gehen ido ina jin daɗi ɗiyata ta yi kyau. Sau ɗaya ban matsa na dube ta ba. Duk ranar da na ji sallamarka, wannan nike tunawa."

Hawaye suka zubo mani. Na ce ai ni ma na yaba hasken, har na fi kowa. Ta ce ta sani, amma ni ba ni na haife ta ba. Ta rufe ido har na ɗauka barci ya ɗauke ta, sai ta sake buɗewa.

"Allah shi yi maka albarka da ka shigo. Je ka kira mani Dije."

Na tashi na fita tsakar gida, na tarar da mahaifiyarku tsaye a jikin bango ta toshe baki da mayafi. Ta ji sunanta a bakin uwarta da kunnenta, ba sai na kira ta ba.